Ƙurar da Suke Hurawa da Baki

Ban iya rubutu ba. 'Yar ƙanwata, wadda ke koyarwa a wata makaranta nan Bawku, ita ke riƙe da biro, ni kuwa ina faɗa. Na ce mata idan kuka ya zo mini ta ajiye biron, ta jira in share fuska mu ci gaba. Ba mu je ko'ina ba ta riga ta ajiye shi.

Ɗa guda gare ni a duniya. Na haifi wasu, ba su zauna ba. Wanda ya zauna yanzu furfura ta fara fito masa a gemu, yana da mata da 'ya'ya, kuma sana'ar da ta ci ƙirjin ubansa ita yake yi, a bayan bangon ɗakin da nake kwana. Na yi iya yina ya bari. Abin da nake so a rubuta ke nan.

A Salaga aka haife ni, a gidan fataken goro. Ko da na yi wayo fataucin ya mutu, mazan gidanmu sun koma sayar da doya da hatsi, amma jin kan bai mutu ba. Da wani fita ya zo neman aurena, fita kuwa shi ne mai gyaran mota a bakin mutanen nan, gwaggona ta leƙa zaure ta ga farcensa baƙi ƙirin, ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Wannan da wane hannu zai ci tuwo?"

Ni dai ina sonsa. Mutum ne mai dariya, in ya fara sai kafaɗunsa su riƙa rawa. Babana ya ce yana ganinsa a masallaci, kuma bai taɓa jin an ce ya cuci direba ba. Aka ɗaura aure, muka koma Yendi, inda ya sami wuri a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Gidan da muka kama yana bayan wurin, ina dafa wake da shinkafa ina sayar wa direbobi, shi yana ƙarƙashin motocinsu. Daga inda nake zuba abinci ƙafafunsa kawai nake gani. Na san ransa a ɓace yake ko yana cikin nishaɗi daga yadda yake motsa su.

Bari in faɗi aikin yadda na gan shi, saboda wanda bai taɓa leƙa ƙafar mota ba. A motocin da, bayan kowace taya akwai wani ƙarfe kamar tukunya, suna ce masa duram. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, kowanne an manna masa wata fata mai kauri, launin toka. Su layinin suke cewa, ni fatar birki nake kiranta. Idan direba ya taka birki, fatar nan ce ke kama cikin duram, mota ta tsaya. Babu abin da ta ƙi kamar mai. To hanyar Bimbilla ta wancan lokaci ramuka ce zalla, tana cinye robar da ke tare mai, sai giris ko man birki ya tsiyayo ya jiƙa fatar. Daga nan in an taka birki mota ta karkata gefe guda kamar jakin da ya hango gida, ko kuma ta wuce abinta kamar ba da ita ake ba.

Sabuwar fata sai an aika Kumasi. Direban da ya loda doya kuwa ba zai zauna jiran Kumasi ba. Sai dai a wanke tsohuwar.

Akwai wani Badagomba mai babbar mota, ba ya wata guda bai zo ba. Tun daga nesa zai fara kira.

"Masta! Motar nan ta daina jin magana."

"Ta yi koyi da mai ita. Yaushe na ce ka kawo ta?"

"Kasuwar da ta wuce."

"Kasuwar da ta wuce ta bara. Je ka ci abinci wajen uwargida, kuma ka wanke hannu, ka fi ni datti."

Sai ya ɗaga motar a jak, ya cire taya, ya bubbuga duram da guduma har ya saki. Abu na farko da yake yi bayan ya zare shi, kuma haka kowane fita yake yi, ya kai fuskarsa dab, ya cika kumatu, ya hura. Wata baƙar ƙura ta tashi ta lulluɓe shi, ta zauna a girarsa da gashin bakinsa. Ya sake hurawa har sai ya ga inda man yake fitowa. Bayan nan ya ɓalle ƙarafan, ya tsoma su a fetur, ya goge da tsohon buroshi, ya jingine su a rana. In sun bushe sai ya ɗaga murya.

"Uwargida, akwai wuta?"

Kullum akwai. Nakan sauke tukunya daga kurfoti, murhun ƙarfe na gawayi da nake girki a kai, in matsa masa. Ya jera ƙarafan a kan garwashi, fatar tana kallon sama. Jim kaɗan sai ka ga mai yana tsattsafowa daga cikinta kamar kitse a jikin tsire. Ya share da tsumma, ya barbaɗa toka, ya sake mayarwa. Ba a barinta ta ƙone, in ta ƙone sai ta tsage. Yana tsugune yana juyawa da filaya, hayaƙin yana shiga idonsa, har sai ta daina zufa. Warin nan yakan shiga zanena da gashin kaina. Akwai ranar da Badagomban ya ce wakena yana da ɗanɗanon birki, shi ya sa in mutum ya fara ci ba ya iya wucewa.

In ta huce sai ya ɗora ta a cinya, ya ɗauki samfefa ya yi ta gurzawa har fuskarta ta yi haske kamar sabuwa. Wannan ƙurar kuma fara ce, laushinta ya fi na garin alkama. Yana gurzawa yana hurewa.

Shi da bakinsa ya gaya mini man ba ya fita duka. Yakan maƙale can ciki, in mota ta hau hanya birki ya ɗauki zafi, sai ya sake fitowa. Direba ya dawo, a sake wankewa, a sake gasawa, a sake gurzawa. Fata ɗaya takan bi ta hannunsa har sai ta ƙare ƙusoshin da ke riƙe ta sun bayyana.

Sai madara. Duk fitan da ya san kansa, in ya gama aikin ƙura, madara yake sha. Masu fenti da masu walda ma haka suke yi. Mastan da ya koya masa aiki a Kumasi shi ya koya masa wannan, shi ma wani ya koya masa: madara tana wanke ƙirji. In matan Fulani sun shigo da nono na saya masa, in ba su zo ba na huda ta gwangwani da ƙusa in miƙa masa. Yakan fara tofar da yawu, baƙi. Ya shanye, ya ɗan jira, ya sake tofarwa ya nuna mini.

"Kin gani? Ta wanke."

Mun yarda da wannan kamar yadda muka yarda sabulu yana fitar da datti. Ko ranar da babu nama a miya, ba a rasa madararsa ba. Ina ganin kulawa ce nake yi masa, kuma shi ma haka ya ɗauke ta.

A gindin darbejiyar nan ɗanmu ya koyi aikin. Da ya kawo ƙarfi ya yi aure, sai ya koma Bawku, garin matarsa, inda motocin Burkina da na Togo ke shigowa. Muka rage mu biyu.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Na fara lura in yana salla a gida ba ya iya kai ƙarshen aya da numfashi ɗaya. Sai busasshen tari, wanda ba ya fitar da komai. Muka sha zuma da citta, muka sha saiwoyi, aka yi rubutu aka wanke. Aka gwada shi ko tarin fuka ne, aka ce ba shi ba ne. Sai ya zama daga gida zuwa masallaci yana tsayawa a hanya, yana yi kamar gaisawa yake da mutane. Da ya kasa ɗaga guduma, ɗanmu ya zo ya ɗauke mu zuwa babban asibiti a Tamale, ya koma bakin aikinsa ya bar mu muna jiran sakamako.

Likitar mace ce, 'yar zango, unguwar Hausawa, tana jin Hausa. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa a haske ta daɗe tana kallo.

"Baba, wane aiki ka yi a rayuwarka?"

Ya gaya mata. Ta tambaye shi birki, ta tambaye shi ƙura, ya kwatanta mata har da cika kumatu. Ta ajiye hoton. Ta ce fatar birkin motocin da, da wani irin dutse mai zare ake yinta, zaren da ya fi gashi siranta, ido ba ya ganinsa. In ya shiga huhu ba ya ruɓewa, ba ya fita, sai huhun ya yi ta taurara kamar ƙirgin da aka shanya. Ta ce yakan yi shekaru da yawa yana kwance kafin ya nuna kansa.

Maigidana ya ce, "Amma 'yata, ina shan madara. Ban taɓa fashi ba. Ga ta nan ki tambaye ta."

Ta kalle ni, ta kalle shi. Ta yi magana a hankali.

"Baba, madara ciki take tafiya. Ƙura kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta zo masa, tari ya tare ta. Da ya sami numfashi ya ce, "Ashe duk shekarun nan ɗakin maƙwabci nake sharewa."

Ni ban yi dariya ba. Likitar ta tambaya wa ke wanke masa kayan aiki, na ce ni. Ta ce ni ma a duba ni. Na ce ta bar nawa. Ta tambaya ko akwai wani nasa a cikin sana'ar. Na ce akwai ɗanmu.

Babu magani, sai abin rage wahala. Muka koma Yendi. Ya kai ba ya iya kwanciya, sai zama, an jera masa matasai a baya. Ɗanmu ya zo duba shi, uban ya kama hannunsa yana so ya yi masa doguwar magana, numfashin bai kai ba. Abin da ya samu ya ce shi ne, "Kada ka hura." Ɗan ya ce, "To, Baba." Irin to ɗin da ake ce wa mara lafiya.

Da hantsi maigidana ya rasu, lokacin zafi. Ina yi masa fifita, yana jan iska da dukan jikinsa kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi, sai ya ja bai saki ba. Na ci gaba da fifitar. Maƙwabciyata ce ta zo ta karɓe maficin daga hannuna. Mutumin da ya tsayar da motocin rabin ƙasar nan, ban iya samo masa iska cikin cokali ba. Allah ya jiƙansa, ya sa yana inda ake numfashi ba wahala.

Da na fita takaba, ɗana ya ɗauko ni zuwa Bawku. A hanya ina lallashin kaina cewa motocin da sun ƙare, na yanzu aka ce fatarsu daban ce, ƙurar da ta kama uban ba za ta sami ɗan ba. Ban san duniya ta juya ba. Motocin da muka bari suna tsatsa a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerunsu, yanzu masu hali daga Accra da Wagadugu da Lome suke bi ƙauye ƙauye suna nema. A yi musu fenti, a ɗauki amarya a ciki, a yi hoto. Fitocin yanzu na'ura suke jona wa mota ta gaya musu ciwonta, ba su san duram ba. Ɗana ya sani. Sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, kuma garejinsa yana manne da gida, ƙofa ɗaya ce tsakani.

Ban daɗe da zuwa ba aka jawo wata koriyar mota mai manyan fitilu kamar idon mujiya, wadda ta girmi ɗana. Ta wani tsohon dillalin shanu ce a tsallaken iyaka, wani Alhaji daga Accra ya saya wajen magada. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa sai na ji guduma a jikin duram. Na san ƙarar nan kamar muryar mutum. Na tashi ba takalmi. Ko da na kai ƙofa ya riga ya kai fuskarsa, kumatunsa a cike.

"Kai! Kada ka hura!"

Ya riga ya hura. Ya ɗago, baƙar ƙura a girarsa.

"Mma, me ya fito da ke cikin ranar nan?"

"Ubanka ya fito da ni."

Akwai wani Bamoshe mai walda da ke aiki a gefensa, abokinsa ne tun zuwansa garin. Ya ɗaga gilashin fuskarsa yana dariya.

"Masta, yau sufeto ya zo. Ina lasin ɗinka?"

"Kai ma zan zo kanka," na ce masa. "Wa ya ce maka madara tana zuwa huhu?"

Na tsaya a nan cikin rana na faɗa musu duk abin da likita ta ce, ban rage ba. Ɗana ya saurara yana goge hannu da tsumma. Ba shi da rashin kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Mma, Baba kwanansa ne ya ƙare. Ga tsohon nan na bakin tasha, ya girmi Baba, ya sha ƙurar da ta fi tasa, jiya na gan shi yana shan rake."

"Shi uwarsa ta mutu, ba mai yi masa kuka. Kai taka tana nan."

"To yaya zan yi? In ban hure ba, ba zan ga inda man yake fitowa ba."

"Likita ta ce a jiƙa da ruwa."

"Ruwa da baƙin mai, Mma? Laka za su zama. Likita ta taɓa buɗe duram?"

Ya aika aka sayo madara. A gabana ya huda gwangwanin. Ya ga ina kallo, sai ya ce ai ko ba ta wanke ba tana ƙara ƙarfi, ya juya baya ya shanye.

Matarsa yarinyar kirki ce, tana bayana. Ta sayo masa abin rufe hanci a kemis. Ya ɗaura, Bamoshen ya ce, "Dokta, yau wa za a feɗe?" Ya yi dariya tare da su, ya daure zuwa azahar. Zafin Bawku ba ya barin mutum ya rufe hanci a ƙarƙashin mota. Kafin la'asar abin yana rataye a ƙasan haɓarsa, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Washegari ya shigo neman wuta, ƙarafan koriyar motar a hannunsa suna ɗigar fetur. Na zauna a gaban kurfotin matarsa na ce ba a wutar da ake dafa wa jikokina tuwo ba. Ya ce gaskiyata, ya fita ya sayo nasa. A duk yaƙin da na yi, abin da na ci ke nan: an raba wutar tuwo da wutar birki.

Da Alhajin ya zo duba motarsa, na yafa mayafi na fita. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya. Na ce masa, "Ɗana, ka sa a canza mata ƙafafu irin na motocin yanzu mana." Ya ce in aka canza ta tashi daga tsohuwar mota, darajarta a ce komai nata na asali ne. Amma ya ji maganata, ya ce ba za a ƙara wanke tsohuwar fata ba, zai nemo sabuwa ko a ina take. Na yi masa addu'a har ya shiga mota.

Ya cika alkawari. Aka kawo kwalin fatun birki daga Lome, daga wani shagon da ya daɗe a rufe, takardar da aka naɗe su da ita ta yi ja don tsufa. Sababbi ne, ba a taɓa sa su ba, amma tun zamanin motar aka yi su, da dutsen nan mai zare. Kuma ba su zauna daidai ba. Sai da ɗana ya huda su, ya daddatse bakinsu, ya wuni yana gurza su da samfefa kafin su shiga duram. Ƙurar ranar ta fi ta kullum. Da yamma na share ta a kan murfin randa.

Na je wajen liman. Ya kira ɗana ya yi masa nasiha a kan hakkin jiki da hakkin uwa, ya ce, "To, Malam." Suna gamawa liman ya tambaye shi yaushe zai duba masa birkin motar makaranta.

Haka muka shiga wata shekara. Mota ta tafi, mota ta zo. Wata rana muna tankaɗe da matarsa, ta yi ƙasa da murya ba ta kalle ni ba.

"Mma, yanzu in ya ɗauki ƙaramar a kafaɗa, kafin ya kai ƙofar gida sai ya sauke ta. Yana ce mata ta yi nauyi."

Yarinyar ba ta yi nauyi ba. Ni da tsufana ina ɗaukarta.

Muka haɗu muka matsa masa ya je a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya ce sai ya gama wadda ke hannunsa. Ya gama, aka kawo wata. Na daina cin abincin gidan. Ban yi da faɗa ba, in aka kawo sai in rufe in tura gefe. Ya shigo ya zauna a bakin gadona ya ce, "Mma, wannan ai zalunci ne." Na ce na sani. Da safe ya sa riga mai tsabta ya tafi asibiti, ya hana kowa binsa.

Ya dawo da la'asar. Matarsa ta tare shi da ido, ya ce ba komai, a ba shi ruwa. Ya ci abinci, ya sa ni ma na ci, ya yi wasa da yara.

Washegari ya kira magini. Aka toshe ƙofar da ke tsakanin gida da gareji da bulo, aka ƙara wa bangon tsawo. Ya tara 'ya'yansa ya ce duk wanda ya ƙara taka garejin, ko aike ne, zai gamu da shi. Bai taɓa yi musu magana da irin wannan murya ba, ƙaramar har ta fashe da kuka. Ya ce wa matarsa daga yau kada ta ƙara taɓa kayan aikinsa, can zai riƙa cire su, can zai wanke su da kansa a bokiti. Babban ɗansa, wanda kowa ya ɗauka shi zai gaji wurin, ya ce in an yi hutu zai bi kawunsa kasuwar albasa.

Na jira har ya rage mu biyu a tsakar gida. Yana ɗaure igiyar takalmi, zai zagaya ta waje, don yanzu sai an zagaya.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce in daina."

"To?"

"Na tambaye shi, in na daina abin zai fita? Ya ce a'a. Sai dai kada ya ƙaru."

"To kada ya ƙaru mana! Ka ji da kunnenka!"

Ya gama ɗaurin, ya zauna yana kallon hannuwansa.

"Mma, tun ban kai tsawon taya ba nake shaƙarta. Abin da zai shiga ya riga ya shiga. Yanzu zan riƙa jiƙawa, zan rufe hanci, Bamoshe ya yi ta dariyarsa. Amma ban iya komai ba sai wannan, kuma motocin nan saboda birki suke zuwa wurina. Ƙarfin da ya rage mini ban san iyakarsa ba. Gara in kashe shi yaran nan su tsaya da ƙafarsu, su yi nisa da wurin nan."

"Ni fa?"

Ya dafa ƙafata, ya tashi ya fita.

Na so a ce gardama ya yi mini kamar da. Lokacin da yake cewa kwanan Baba ne ya ƙare, ina da abin da zan yi, ina da wanda zan shawo kansa. Yanzu ya yarda da duk abin da na faɗa, kuma yana can bayan bango.

Da ina roƙon Allah ya sa ya bari. Na daina wannan roƙon, ba don na yanke ƙauna da Allah ba, sai don na ga amsar. Yanzu in na idar da salla abu ɗaya nake nema, kuma ba na jin kunyarsa: a ɗauke ni kafin shi. Na zauna a gaban mutum ɗaya yana neman iska ina kallo. Ba ni da ƙarfin na biyu. 'Yar ƙanwata ta ce kada a rubuta wannan, ba kyau uwa ta faɗi haka. Na ce ta rubuta.

Jiya an jawo wata daga Wagadugu, fara, ba ta da ƙofa ɗaya. Aka ce ƙafafunta duka huɗu sun sha mai.